"Anti, ke ma za ki iya sace mu?" Abin da kisan Hanifa ya tona a ajinmu

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan fitowar labarin gano gawar Hanifa, ina cikin kiran suna a aji sai wata yarinya 'yar shekara shida da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu. Nace mata menene, tace "Anti, ke ma za ki iya sace mu?" Wallahi sai da na ajiye rajistar da ke hannuna. A lokacin shekarata tara ina koyar da 'yan nazare da 'yan aji ɗaya a wata ƙaramar makarantar kuɗi a nan Kano, kuma an min tambayoyi kala-kala, har da wanda ya taɓa tambayata ko aljanu ma suna biyan kuɗin makaranta, amma wannan kam ban san ta inda zan kamo ta ba. In nace mata a'a, to ai shi ma wancan da ya kashe Hanifa da an tambaye shi a'a zai ce. In nace eh kuma gobe babu yaron da zai leƙo ajin. Sai kawai nace "zo nan 'yata", na riƙe hannunta, nace za mu yi maganar in an dawo daga tara. Gaskiya lokaci nake nema wa kaina.

Ga wanda baya gari a lokacin ko kuma abin ya fara shige masa, ga yadda aka yi. Hanifa Abubakar yarinya ce 'yar shekara 5, ɗaliba a makarantar Noble Kids Academy da ke Kwanar Dakata a ƙaramar hukumar Nasarawa. A farkon Disamban 2021 aka ɗauke ta a adaidaita sahu da yamma tana kan hanyar dawowa daga Islamiyya. Aka shiga cigiya, hotonta ya zaga Facebook da WhatsApp har sai da kowa ya haddace fuskarta, daga baya aka fara kiran iyayen ana neman naira miliyan 6. Haka aka kwashe kwana arba'in da wani abu ana addu'a ana jira. Wajen 20 ga Janairun 2022 'yan sanda suka sanar an kama wanda ya yi, kuma ba wani ɗan bindiga bane daga dajin Zamfara ko Birnin Gwari kamar yadda zuciyar mutane ta fara kai su, mai makarantar da take zuwa ne, Abdulmalik Tanko. Bisa bayanin 'yan sanda da abin da shi da bakinsa ya faɗa gaban 'yan jarida, ya ajiye ta a gidansa kamar sati biyu, da ya ga ta san shi sarai kuma in ta koma gida za ta faɗa, sai ya ba ta maganin ɓera na naira 100, ya nemo wani Hashimu Isyaku suka binne ta a harabar wata makarantarsa da ke Tudun Murtala. Sauran bayanin ba zan maimaita ba, wanda ya ji ya ji. Bayan ta rasu ma bai fasa neman kuɗin ba, wajen ƙoƙarin karɓa ne aka yi ram da shi. Kuma abin da har yau in na tuna tsikar jikina ke tashi, yana cikin waɗanda suka je gidan suka yi wa iyayen jaje.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Matasa suka cinna wa makarantar wuta, gwamnatin Kano ta bakin kwamishinan ilimi na lokacin Muhammad Sanusi Kiru ta soke lasisin duk makarantun kuɗi na jihar tace kowa ya zo a sake tantance shi, Gwamna Ganduje yace in kotu ta yanke hukuncin kisa zai sa hannu. A 28 ga Yulin 2022 Mai Shari'a Usman Na'abba na babbar kotun jiha ya yanke wa Abdulmalik da Hashimu hukuncin kisa ta hanyar rataya, macen da aka gurfanar tare da su ta samu shekara biyu. Don shari'ar Najeriya, wata shida wannan gudu ne sosai.

To amma ni ba shari'ar ce ta tsaya min a rai ba. Abin da ya tsaya min shi ne duk wa'azin tsaro da muke wa yara a asembili, tun ina ɗaliba har na zama malama, guda ɗaya ne: kar ka bi wanda baka sani ba, kar ka karɓi alawa a hannun baƙo, in mota ta tsaya an kira ka ka gudu. Ni kaina na rera musu wannan ya fi sau ɗari. Sai ga shi wanda ya yi wannan aika-aika babu ko ɗaya daga cikin dokokin nan da ya shafe shi. Ba baƙo bane. Mutum ne da yarinyar ke gani kullum, wanda iyayenta suka damƙa masa ita da hannunsu suna biyan shi kuɗi, wanda in yace a zauna ake zama in yace a tashi ake tashi. Wato mun gina katanga mai tsayi ta gefen titi, ɓarawon kuma a tsakar gida yake kwana.

Kuma ba Hanifa kaɗai ba. Akwai binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, kan cin zarafin yara a Najeriya, ya nuna yara 6 cikin 10 sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18, mace 1 cikin 4 da namiji 1 cikin 10 an taɓa su ta hanyar lalata, waɗanda suka samu taimako kuma basu kai 5 cikin 100 ba. Mafi yawan masu yin, mutanen da yaron ya sani ne. Duk malamar da ta daɗe a aji bata buƙatar wani ya kawo mata lissafi ma, ta san maƙwabci ne, ɗan uwa ne, mai shagon layi ne, malami ne, direba ne.

A nan dole in tsaya in faɗi wani abu don kar a min mummunar fahimta. Ba ina cewa da an koya wa Hanifa kaza da ta tsira bane, kuma ba laifin iyayenta nake gani ba, Allah ya ba su haƙuri ya sa mai ceto ce. Yarinya 'yar shekara biyar ko wane darasi ka ba ta, ƙato in ya yi niyya zai ɗauke ta cak. Nauyin tsaron yaro a wuyan manya yake. Abin da nake cewa kawai, tarbiyyar da muke ba yaro ta "babba baya ƙarya", "malam ubanka ne", "in babba ya aike ka ka tashi", tana da kyau ta fuskoki da yawa kuma ni ma da ita aka raine ni, amma mun manta bamu bar masa ko 'yar taga ɗaya da zai iya cewa a'a ta cikinta ba. Yaron da duk rayuwarsa bai taɓa ce wa babba a'a an kyale shi ba, ranar da yake buƙatar kalmar ba zai same ta a bakinsa ba.

Da aka dawo daga tara ran nan, abin da Allah ya sa a bakina shi ne nace musu "ku saurara, daga yau ko ni ce na same ku a hanya nace ku zo in kai ku gida, kar ku bi ni sai Umma ko Abba sun sani." Suka yi tsit suna kallona. Wani yaro yace "Anti ko ke?" nace ko ni, ko hedimasta, ko mai makaranta, ko malamin Islamiyya. Ba don mu miyagu bane, doka ce kawai kamar yadda ko liman ne sai ya cire takalmi kafin ya shiga masallaci. Wannan misalin ya shige su fiye da yadda na zata, har gida suka kai shi.

Daga nan ne fa rigima ta fara. Sati biyu bayan haka aka kira taron iyaye da malamai, wanda a da in mutum goma sun zo mun gode Allah, ran nan kuwa har a tsaye, kowa a tsorace. Hedimasta ya gabatar da tsarin geti: kowane yaro iyayensa su rubuta sunan mutum uku da aka yarda su ɗauke shi, a ba su kati, wanda babu sunansa ko waye sai an kira uwar ko uban a waya. Wannan kowa ya yi na'am. Amma da na tashi nace muna so mu fara koya wa yara cewa jikinsu nasu ne, kuma suna da damar ce wa babba a'a a wasu wurare, sai wani Alhaji da ke da yara uku a wajenmu ya miƙe yace "Malama, da girmanki, so kike ki koya wa 'ya'yanmu fitsara? Yau ya ce wa malami a'a gobe ni zai ce wa. Wannan ai tarbiyyar Turawa ce, mu ba haka aka raine mu ba." Kuma gaskiya mutane da yawa sun gyaɗa kai. Ni kuma bakina ya mutu, don in nace zan ja da shi a gaban jama'a ai na tabbatar masa da fitsarar kenan.

Wanda ya cece ni malaminmu na Arabiyya ne, dattijo mai sanyin magana da ban taɓa zaton zai goyi bayana ba. Yace "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, bari in ɗan sa baki." Ya karanto aya ta 58 a Suratun Nur, inda aka ce yaran da basu balaga ba su nemi izini kafin su shiga wajen manya a lokuta uku, kafin sallar asuba, da lokacin da ake tuɓe kaya da rana, da bayan sallar isha'i. Ya kawo hadisin da ke cikin Abu Dawud na a umarci yara da salla suna shekara bakwai, a raba musu shimfiɗa suna shekara goma. Sai yace to addinin da ya koya wa yaro cewa jikin babba yana da hurumi har sai ya yi sallama, shi ne kuma zai ce jikin yaron bashi da hurumi? Al'aura ai ba ta manya kaɗai bace. Yace abin da Malama ke faɗa ba daga Ingila ta ɗauko shi ba, namu ne muka ajiye saboda kunya, kuma kunyar da za ta hana ka kare ɗanka ba ita ce kunyar da aka yaba ba. Alhaji bai ce ya yarda ba, amma ya zauna, kuma bai cire yaransa ba.

Daga ranar na gane da wane harshe zan shiga. Ban ƙara cewa "haƙƙin yaro" a gaban iyaye ba, duk da akwai dokar tarayya ta 2003 kan haka, wadda Kano bata yi nata ba sai a Mayun 2023 da Ganduje ya sa hannu kan dokar kare yara yana daf da sauka, shekara 20 kenan. In kace haƙƙi wasu sai su ji kamar za ka kai su kotu. In kace al'aura da amana da hurumi kowa ya san inda ka dosa.

Abin da muke yi a aji bashi da wani tsada. Na farko muka raba musu a'a gida biyu. Akwai a'a ta rashin kunya, Umma tace ka ɗebo ruwa kace ba za ka ba, wannan bamu yarda da ita ba. Akwai kuma a'a ta tsare kai, kuma wurarenta sanannu ne: wani yace ka bi shi wani waje ba da sanin gida ba, wani yace ka cire wando ko ya kai hannu inda wando da riga suka rufe, wani yace ka taɓa nasa, wani ya nuna maka abin banza a waya, ko yace in ka faɗa zai yanka ka. Kuma ba faɗa musu kawai muke ba, yi muke. Ni zan zama mai adaidaita ko kawu, in zo da murmushi da biskit ince "zo mana 'yar gidan kawu, Umma ce ta aiko ni", ita kuma ta ja baya tace da ƙarfi "a'a, sai an kira Umma!" ta ruga wajen wani babba. Ranar farko wallahi rabin ajin ko muryarsu bata fita, wasu dariya suke wasu sun sunkuyar da kai suna wasa da bakin hijabi, wata ma kuka ta saka don a ganinta ta yi wa Anti rashin kunya. A nan na ga zurfin abin. Sai da muka yi sati uku muna maimaitawa kafin ihun ya fara kai wa ofishin hedimasta.

Maganar sirri ita ta fi ba ni wahala, don mu gidajenmu cike suke da "kar ki faɗa wa Abbanku", "kar kishiya ta ji", yaro tun yana ƙarami an maida shi ma'ajiyar sirri. Abin da na tsaya a kai shi ne, duk sirrin da ya shafi jikinka, ko wanda ke sa gabanka faɗuwa in ka tuna, ko wanda aka haɗa maka da alawa ko barazana, wannan ba a riƙe shi. Kuma in ka faɗa wa mutum ɗaya bai saurare ka ba ka faɗa wa na biyu. Kowane yaro na sa ya lissafa min manya uku da zai iya faɗa wa, ɗaya a gida, ɗaya a makaranta, ɗaya duk inda ya so. Da yawa kakarsu suka zaɓa. Ƙalilan ne suka ambaci Abba, kuma wannan ma abin dubawa ne ga iyaye maza.

Sai ɓangaren zuciya, wanda da farko ban ma lissafa shi a tsaro ba. Watannin nan yaran a firgice suke, sun ga bidiyon mutumin a wayoyin iyayensu, sun ji manya suna ba da labarin filla-filla a gabansu kamar ba sa ji, akwai wanda ya koma fitsarin kwance, akwai wadda in malami namiji ya shigo sai ta maƙale a bayana. Kuma yaranmu basu da kalmomin faɗin abin da ke damunsu, don da ya fara an ce "yi min shiru", namiji kuma an ce masa namiji baya kuka. Sai na tara murafen lemo da na ruwan roba kala uku na zuba a gwangwanin madara a bakin ƙofa. Hausa ma ta sauƙaƙa min aikin, fari farin ciki, baƙi baƙin ciki, ja kuma tsoro ko fushi. Kowa in ya shigo da safe ya ɗauki ɗaya ya ɗora a kan bencinsa, ba sai ya yi magana ba. Satin farko shirme ne zalla, kowa ja yake ɗauka don ya fi kyau, har dambe aka yi a kan wani murfi. Amma da abin ya daina zama sabo sai ya fara faɗin gaskiya.

Wani yaro shiru-shiru ya jera kwana shida yana ɗaukar baƙi. Ban tsare shi a gaban 'yan aji ba, na bari aka fita tara nace ya taya ni goge allo, muna yi ina jan shi da hira. Ashe wasu 'yan aji biyar ne ke tare shi a banɗaki su karɓe kuɗin tararsa, in ya hana su zame masa wando suna dariya. Shi ya sa ya daina shiga banɗakin gaba ɗaya, yake riƙe fitsari har ya kubce masa a hanya, a gida kuma a zane shi a kan ƙazanta. Wata biyu yana cikin wannan, mu muna nan muna tsaron geti da kati. Maganin bai fi ƙarfinmu ba, aka raba lokacin banɗakin manya da na ƙanana, aka sa mai shara ta ringa zama a wajen, aka kira iyayen waɗancan. Na kira mahaifiyarsa na faɗa mata, ta yi shiru a wayar can tace "Anti, ni kuwa jiya ma sai da na dake shi."

Na biyun ya fi nauyi. Wata yarinya bayan mun yi darasin sirri ta zo ta raɗa min cewa mai adaidaitan da ke kai su gida yana sauke sauran yara ya bar ta ƙarshe, ya ɗora ta a cinya ya saya mata cingam yace kar ta faɗa. Na riƙe fuskata kamar ba komai duk da cikina ya ɗuri ruwa, don in ka zabura yaro sai ya ɗauka shi ya yi laifi ya haɗiye sauran. Nace mata kin kyauta da kika faɗa, ba laifinki bane. Muka kira uwar ni da hedimasta. Kalmar farko da ta fito bakinta ita ce "ku rufa min asiri, kar babanta ya ji." Na faɗa mata akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala inda ake duba irin wannan a asirce, ta ce to. An canza mai adaidaita washegari, amma a iya sanina maganar a nan ta tsaya, mutumin kuma yana nan yana ɗaukar yaran wasu. Wannan har yau yana cina, kuma ban tabbata na yi duk abin da ya kamata in yi ba.

Akwai kuma abin da ya shafe ni ni kaina. Wata rana na gama cewa babu wanda ke da ikon taɓa jikinku ba da izini ba, ko minti goma ba a yi ba na tsula wa wani bulala a kan surutu. Ya dube ni yana hawaye yace "Anti ai baki nemi izini ba." Ajin ya fashe da dariya, ni ma na dara amma maganar ta shige ni. Yaron da yake tsoron bulalarki ba zai kawo miki sirrinsa ba, wannan ba sai an je jami'a ba. Ban ce na zama waliyiya ba, yara arba'in da biyu a aji ɗaya da zafin Afrilu ba wasa bane, amma bulalar ta koma saman kabad, sai in yi zango guda ban sauko da ita ba.

Tsarin geti kuwa, zango biyu ya yi da ransa. Da farko har abin dariya aka yi, wata yarinya ta ƙi bin kawunta na jini, ƙanin babanta uwa ɗaya uba ɗaya, ta rungume ƙarfen geti tana ihu sai an kira Umma, mutumin ya fusata yace shi za a wulaƙanta a kan 'yar da aka yi sunanta a gabansa, sai da hedimasta ya fito yana ba shi baki. Amma a hankali katunan suka ɓace, littafin ya cika ba a sayi sabo ba, maigadi kuma yace shi ai ya san fuskar kowa. Na ce masa Baba ai matsalar kenan, wancan ma an san fuskarsa. Ya yi dariya yace "Malama kenan, Allah dai ya tsare." Haka lasisi ma, an sake tantancewa an ba da takardu, to amma takarda bata nuna halin mutum, kuma makarantu nawa ne in za su ɗauki malami ko direba ko maigadi suke kiran inda ya baro su tambaya me ya raba su? Ga kuma babban ramin da har yau babu wanda ya cike: Hanifa ba a getin boko aka ɗauke ta ba, a hanyar Islamiyya ne, wannan tafiyar ta yamma da yara ƙanana ke yi su kaɗai ko a hannun yayar da ita ma bata wuce shekara tara ba, ba rajista ba kati ba maigadi. Duk abin da muka tsara a bakin getinmu ya ƙare.

A ƙarshen zango na uku na waccan shekarar nace bari in gwada in gani ko abin ya zauna. Na nemi izinin iyaye biyar a ɓoye, na sa ƙanina ya kawo motarsa ya tsaya nesa kaɗan da makaranta ranar Alhamis bayan an tashi, ina ciki. Duk wanda ya zo wucewa cikin biyar ɗin sai in sauke gilashi ince "zo in rage maka hanya, rana ta yi zafi." Uku suka shigo da gudu ko tambaya babu, har da wanda ya fi kowa ƙarfin ihu a aji, ya zauna yana taɓa rediyo abinsa. Na huɗu ya yi jim, ya dubi hanya ya dube ni, sannan ya shigo shi ma. Ta biyar ita ce mai tambayar nan ta ranar Litinin. Ta tsaya daga nesa ta riƙe igiyar jakarta da hannu biyu tace "Anti ki yi haƙuri, sai kin kira Umma." Nace haba, ni ce fa Antinku. Tace "ai ke kika ce ko ke ce." Na ɗauko waya zan kira uwar ashe katina ya ƙare, sai da na fita na je shagon tsallake na saya, ita kuma tana nan tsaye a rana bata matso ko taku ɗaya ba, sauran huɗun suna cikin mota suna leƙowa ta taga suna ce mata ta shigo mana akwai sanyi a ciki.